Kujera ta Uku

Vernon Stoltz ya durƙusa a tsakiyar kantin, ya ja tef ɗin awo daga wannan gefen kujerar zuwa wancan, ya kanne ido ya duba lambar. Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa, ya sake ja.

"Ba ta ƙara faɗi ba tun awon farko," in ji matarsa Nadine, da ke tsaye a bayansa riƙe da keken zuba kaya.

"Gefenta laushi ne da shi. Yana iya ruɗin mutum."

"Kai dai kake ruɗin kanka. Tashi, ka tare wa mutane hanya."

Kujerun mota na yara ne jere a kan kanta, tun daga na jarirai masu kama da kwando har zuwa manya masu wurin ajiye kofi. Rabon Vernon da sayen irinsu tun 'yarsu Colleen tana goyo, ga shi yanzu tana can Arizona da mijinta. A wancan zamanin kujera kujera ce, ka saya ka ɗaure. Yanzu kowace da takarda manne a jikinta: nauyin yaro kaza, tsawonsa kaza, wannan baya take kallo, waccan gaba, har da ranar da za ta tashi daga aiki, sai ka ce madara.

Watanni suka kwashe suna zuwa aji don samun izinin riƙon yara. An zo an duba gidansu, an buɗe kabad ɗin magunguna, an gwada ƙararrawar gobara, an ɗauki zanen yatsunsu. Izinin ya fito a kan yara biyu. Vernon ne ya kafe a kan biyun. Mutum ne da in ya kulle ƙofa ya shiga mota sai ya fito ya sake murɗa hannunta, kuma tun da aka fara maganar riƙon nan yake tunanin ranar da ɗan wani zai shaƙe da abinci a teburinsa, ko ya gangaro daga matakalarsa.

Da safen nan suna karin kumallo Misis Tillery ta kira, jami'ar ofishin kula da yara wadda ta bi su tun farko. Yara uku ne, uwa ɗaya: yarinya 'yar shekara shida, ƙanenta ɗan shekara uku, da jaririya 'yar wata bakwai. Uwar tana asibiti, babu wanda ya san ranar fitowarta. Tunda 'yan'uwa ne, ofis zai iya ƙara musu izini zuwa uku. In ba za su iya ba, su karɓi ƙananan biyu, babbar a kai ta wani gida a wata gunduma. Tana son amsa kafin a tashi daga aiki, kuma su ne za su je su ɗauko yaran.

Nadine ta ajiye wayar ta zuba masa ido. Shi kuwa ya yi ta juya kofinsa a kan tebur.

"Mota ɗaya ce da mu da za ta ɗauki yara," ya ce. "Ta aikina babu kujerar baya. Ba a sa yaro a gaba. In kujeru uku suka shiga bayan motar nan, shi ke nan. In ba su shiga ba, ba mu muka ƙi ba."

Ta ce ta yarda. Abin da ba ta sani ba, da ta hau sama sauya kaya ya zagaya gareji da tef ɗinsa ya auna bayan motar. Ya san ba za su shiga ba. Da wannan sanin ya tuƙo ta zuwa kantin hankalinsa kwance.

Wata dattijuwa mai rigar ma'aikatan kantin ta ƙaraso tana ɗan ɗingishi, an rubuta Maxine a ƙirjinta.

"Jikoki ne?"

"Riƙo ne," in ji Nadine. "Uku."

"Uku a tashi ɗaya? To, ku yi sallama da barci." Ta dubi Vernon da tef ɗinsa. "Maigida, ajiye abin nan. Ban taɓa ganin wanda tef ya gaya wa gaskiya a kan kujerun nan ba. Ka bar lasisin tuƙinka a wurin mai karɓar kuɗi, ku ɗauki na gwaji ku je ku saka a motar. In ka gudu da su, mun san gidanku."

"Wannan zai gudu?" in ji Nadine. "Mutumin da ke tsayawa a fitilar hanya tun tana tunanin zama ja?"

Suka loda uku a keken: ta jaririya mai kallon baya, ta yaron mai nata maɗauri, da wata marar nauyi ta manyan yara, wadda ɗaga yaro kawai take yi don bel ɗin mota ya zauna masa daidai.

A waje iskar kaka ce ke kaɗawa, tana koro busassun ganyaye ƙarƙashin motoci. Vernon ya tuɓe jaket ya miƙa wa Nadine. Ko da ya san ƙarshen abin, ba ya iya aiki rabi da rabi. Ya saka ta jaririya bayan direba, ya ɗora gwiwa a cikinta ya ja igiya har ta tsaya cak. Ya saka ta yaron a tsakiya. Sannan ya ɗauko ta ukun ya tura a ɗan wurin da ya rage. Rabinta ya shiga, rabi yana waje. Ya karkata ta, ya danna da kafaɗa, ya janyo ƙofa a hankali. Ƙofar ta daki gefen kujerar ta dawo.

"Ƙara gwadawa," in ji Nadine.

Ya ƙara. Ƙofar ta sake dawowa.

Maxine, da ta biyo su rungume da hannuwanta saboda sanyi, ta girgiza kai. "Motocin nan ba don uku aka yi su ba. Ni kam na koma ciki kafin ƙafata ta ƙage. In kun gama ku turo min kayana."

Vernon ya ciro ta ukun ya ajiye a ƙasa gefen taya. Ya jira ya ji sauƙin da ya zo nema. Nadine ba ta yi musu ba, ba ta ce a yi hayar mota ko a ari ta ƙanwarta ba, don sun riga sun yi magana kuma ba mai komawa kan maganarta ba ce. Ta buɗe jaka ta fito da waya, ta daɗe tana kallon ta, sannan ta miƙa masa.

"Kai ka kira. Ni bakina ba zai iya ba."

Ya karɓa. Lambar Misis Tillery na nan a sama. Yana shirya abin da zai ce sai iska ta taso ta kifar da kujerar da ke ƙasa, ta ja ta kaɗan a kan kwalta. Ya bi ta ya ɗaga, ya kaɗe ƙasar da ta manne mata. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Yana tsaye da ita a hannu ya fara ganin yadda yammacin zai kasance. Zai faka a gaban ofishin. Za a fito da yaran, duka ukun, don ba za a hana babbar rakiya ba. Zai sunkuya ya ɗaure jaririyar, ya gwada maɗaurin da yatsa biyu kamar yadda aka koya musu. Zai ɗaure yaron. Waɗannan biyun ba za su riƙe komai ba, gobe ma sun manta launin motar. Amma 'yar shekara shida tana iya ƙirga. Za ta leƙa ta ga kujeru biyu. Kuma shi ne zai rufe ƙofar, shi ne zai duba madubi lokacin da zai ja da baya don kada ya taka ta.

Ya mayar wa Nadine wayar.

"Ka kira?"

"Riƙe min tukuna."

Ya shiga motar ya kwance duk abin da ya ɗaura. Shekara ashirin da wani abu yana cusa na'urorin ɗumama gida a lungunan da masu gini suka manta da su, kuma ya san abu ba ya shiga don an danna shi, sai an samo inda ya rame. Ya jera kujerun a kan kwalta ya zagaya su. Ta jaririya faɗinta a sama yake, wajen kai, gindinta siriri. Ta yaron faɗinta a ƙasa. Ashe ɗazu kafaɗa da kafaɗa ya haɗa su.

"Vernon, me kake yi?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya mayar da ta jaririya tsakiya, tana kallon baya, faɗinta ya faɗa can gaba inda babu wanda zai ture. Ya saka ta yaron bayan direba, gefenta ya shige ƙarƙashin na jaririyar kamar an auna. Ya ɗauko ta ukun. Ta zauna. Ya janyo ƙofa, ta rufu.

Nadine ta ɗora hannu a baki.

Shi kuwa ya sake buɗe ƙofar, ya ja bel ɗin motar ya zagayo da shi, ya nemi inda zai soke shi. Bakin bel ɗin ya nutse tsakanin kujeru biyu. Ya cusa hannu har fatar bayan yatsunsa ta saɓule, bai taɓo shi ba.

"Hannunka ne kamar shebur," in ji Nadine. "Matsa."

Ta gwada. Ta taɓo shi da ƙyar da kan yatsa, amma soke bel ɗin ya gagara. Ta fito tana yarfe hannu.

"Ai ƙofa ta rufu," ta ce a hankali. "Ba za a iya..."

"A'a. Kullum safe, kullum yamma, cikin ƙanƙara, jaririya na kuka? Wata rana sai mun ɗauka ya shiga alhali bai shiga ba."

Ta gyaɗa kai. Ta san a kan wannan ba ya sassautawa, kuma ba ta so ya sassauta.

Ya ɗauki kujerar ya koma cikin kantin da sauri. Maxine na jera kwalaben madara a kanta.

"Ka dawo? Na ɗauka yanzu kun kai gida kuna shan shayin baƙin ciki."

"Akwai ta manyan yara mai nata maɗauri? Wadda za a ɗaure sau ɗaya a bar ta, ba sai an riƙa neman bakin bel ba?"

"Akwai wata siririya can ƙarshe. Mummuna ce, ruwan toka, ba mai sayen ta." Ta dubi hannunsa. "Kuma kada ka shafa min jini a jiki. Amma ka duba takardar, tana da iyakar nauyi. In yarinyar ƙatuwa ce, ka yi aikin banza."

Ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya sake karantawa a hanya. Iyakar nauyin fam sittin da biyar, kusan kilo talatin. A mota ya cire ta jaririya, ya zura bel ta bayan sabuwar ya soke shi tun da sarari, ya hau ta da gwiwa ya ja, sannan ya mayar da ta jaririya. Ya kama kowace ta gindi ya girgiza, babu wadda ta motsa. Ya rufe ƙofar dama, ya zagaya ya rufe ta hagu. Ya tsaya yana haki, rigarsa ta jiƙe duk da sanyin.

"Gobe mu biya ta wurin 'yan kwana-kwana su duba ɗaurin, suna yi wa mutane wannan," ya ce.

"Gobe," in ji Nadine. Ta miƙa masa wayar.

Bugu ɗaya Misis Tillery ta ɗauka. Ana jin hayaniyar ofis a bayanta.

"Stoltz ne. Babbar yarinyar, nawa ne nauyinta?"

"Nauyinta? Tsaya, nas ta auna su ɗazu." Aka ji ana buɗe takardu. "Fam arba'in da huɗu. 'Yar ficiciya ce. Mista Stoltz, me ya kawo tambayar?"

Ya dubi Nadine. Matakala na nan, teburin cin abinci na nan, babu abin da ya ragu daga tsoronsa.

"Za mu zo mu ɗauke su," ya ce. "Duka ukun."

Misis Tillery ta sauke numfashi. "To. Bari in fara cike takardun." Sai muryarta ta yi nisa, kamar ta rufe wayar da tafin hannu tana magana da wani. Ta dawo. "Ka yi haƙuri, Lacey ce, babbar. Tana nan kusa da ni. Tun safe take rungume da jaririyar, ta hana kowa karɓa, ko abinci da hannu ɗaya ta ci. Wai in tambaye ka, a motar za a bar ta ta zauna kusa da ita?"

Vernon ya sunkuya ya leƙa ta gilashi. Kujeru uku a matse, ko takarda ba za ta ratsa tsakaninsu ba.

"Ki ce mata kusa za ta zauna," ya ce. "Ko tana so ta yi nisa ma, babu wurin."