Mace Ɗaya a Ajin

Baba ya yi shekaru yana koyar da Fiziks a sakandare. Farkon kowane zango da ƙarshensa yakan raba wa ɗalibai tambayoyi: me ke tsayar da ƙwallo bayan an buga shi, wanne zai riga faɗowa tsakanin babban dutse da ƙarami, kana jin darasin nan naka ne ko na wasu? Kafin su fara yakan ce, "Ku faɗi gaskiyarku. Ba wanda zai san amsar wane ce."

Bayan ya yi ritaya, 'yarsa Auta, mai bincike a jami'a kan yadda ake koyon Fiziks, ta shigar da amsoshin a kwamfuta. Tana so ta ɗora su a intanet, kowane mai bincike ya ɗauka kyauta.

Da hantsi ta kira shi teburin cin abinci. "Baba, na goge sunaye kaf. Zo ka gani kafin in tura."

Ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya shiga bin layukan da yatsa.

"Baba, ba allon aji ba ne fa. Duk ka shafe min gilashi."

Yatsan ya tsaya. "Nan shekara ce, nan kuma namiji ko mace?"

"Eh."

"A shekarar nan mace ɗaya ce a ajina. Bakin taga take zama. Duk wanda ya yi ajin, yana gani zai gane ta."

Auta ta duba amsar yarinyar. Yarinyar ta rubuta cewa darasin ba nata ba ne, kuma tana tsoron yin tambaya kada a yi mata dariya.

"Abin ya daɗe, Baba. Wa zai bi ta kai?"

"Alkawari na yi mata, uwata. Ban sa masa ranar ƙarewa ba."

Abin da Auta ta fi ji da shi a bincikenta shi ne zanen da ke nuna yadda amsoshin 'yan mata suka sauya shekara bayan shekara.

"In na haɗe shekarun da ke kusa da juna, za ta shige cikin sauran mata," in ji ta. "Amma zanena ya tafi ke nan."

"Zai ɓata miki aiki?"

"Zai rage masa kyau. Ba zai kashe shi ba."

Ta haɗe su, ta ƙara ɗan bayani a sama don masu ɗauka su san dalili. Sannan ta juya masa kwamfutar.

Baba ya bi layukan daga sama har ƙasa, ya sake komawa. Can ya cire tabarau, ya dafa kafaɗarta.

"Na neme ta na rasa," ya ce. "Tura musu, Allah ya yi miki albarka."