Teyatur a Gaban Teburin Inusa

Madam Sahura na gyara wa Gidaɗo rigar wasa lokacin da direkte, shugaban makarantar, ya leƙo aji, gumi na tsiyaya a wuyansa.

"Madam, uban yaron ga ya zo. Ga shi can bakin ƙofa da ƙannensa, kowa da sanda. Ki bar wasan ga, kada a zub da jini a lakwal."

"Ni na gayyace su, ranka shi daɗe," in ji ta.

A watan da ya wuce ne Rabilu, ɗan wani mai shago a Dogon Dutsi, ya haɗiyi tramol lokacin hutun safe, ya fasa wa Gidaɗo kai da dutse a kan gardamar ƙwallo. Tun daga ranar ajinta ya rabu biyu, ƴan gari gefe, ƴaƴan makiyaya gefe, har an tsinci wuƙa a jakar wani yaro. An so a kori Rabilu, ita ta roƙa a dakata. Ƙwayar kuwa kowa ya san inda take fitowa: teburin Inusa, gindin bishiyar bedi daura da ƙofar kolejin, alewa da biskit a sama, sauran kaya a ƙarƙashi. An sha korarsa yana dawowa.

Ta yi wa yara nasiha har muryarta ta dushe, ba su ji ba. Shi ne ta shirya teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta juya abin: Gidaɗo ne zai sha ƙwaya ya yi duka, Rabilu ne za a daka. Ta kuma ce ba a cikin filin makaranta za a yi ba, a waje, gaban bedin.

Aka fito. Mata masu waina da ƴan kabu-kabu suka kewaye, iyaye suka zauna a benci. Inusa na kishingiɗe a bayan teburinsa yana murmushi, yana ganin ciniki ya zo masa har gida. Malam Hamza, uban Gidaɗo, wanda ya taso tun daga rugarsu wajen Dogon Kiriya, ya ƙi zama.

Da farko dariya aka yi ta yi. Gidaɗo ya watsa tsakuwa a baki kamar ƙwaya, ya zare ido, yana tangaɗi yana cewa shi zaki ne. Sannan aka zo wurin dukan. Rabilu ya faɗi ƙasa kamar yadda aka koya masa, Gidaɗo ya ɗaga sanda.

Sai Madam ta lura. Ba karan dawa da ta ba shi ba ne a hannunsa. Sandar kiwo ce, mai nauyi, ko wa ya miƙa masa ita oho. Dariya ta ɗauke. Tabon goshin Gidaɗo na ƙyalli a rana. Rabilu ya ga sandar, bai tashi ba, ya dai rufe ido.

Ta so ta yi ihu, ta danne. In ta shiga tsakani yau, wa zai shiga gobe in ba ta nan?

Gidaɗo ya daɗe a haka. Can ya sauke sandar a hankali, ya faɗi abin da babu shi a wasan.

"Tashi, Rabilu. Ba kai nike nema ba. Wa ya saida maka?"

Rabilu ya miƙe, ƙura a fuskarsa, ya juya ya nuna gindin bedi. Yaran ajin suka juya tare da shi, sannan sauran ɗalibai duka, ƴan gari da ƴaƴan ruga, suka zuba wa Inusa ido.

Murmushin Inusa ya bushe. "Mi na yi? Alewa nike saidawa!"

Uwar Rabilu ce ta fara isa. Ta yaye ledar teburin, fakitoci suka zubo ƙasa. Wuri ya kaure. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga hannu zai kai mari, yara suka sha gabansa.

"Ba duka! Madam ta ce ba duka!"

Haka suka yi wa Inusa zobe, hannu cikin hannu, Rabilu riƙe da Gidaɗo, har jandarma suka iso suka tafi da shi da kayansa. Mata suka rangaɗa guɗa. Direkte na ta gaisawa da iyaye kamar shi ya shirya komai.

Madam ta zauna a benci. Sai ga Malam Hamza tsaye a kanta. Ya dube ta, ya dubi ɗansa.

"Malama, da wata niyya munka zo, Allah Ya sani." Ya gyara malfarsa. "Akwai irin wanga tebur a kasuwarmu. Yaushe za ki kawo yaran ga?"

"Duk ajin, Baba? Suna da yawa fa."

"Ki kawo su duka. Abincinsu na wuyana."