Tsumagun Geza a Kan Salansa

Kakanmu Armaya'u shi kaɗai ya rage mai yin kibiya a unguwarmu a Yasore, ga idonsa ya fara rauni. Bayan girbi ya kira mu biyu, ni da Badaru ɗan kawuna, ya ce bakansa da kwarinsa da ƙarafan aikinsa mutum ɗaya zai bar wa. Kowa ya shiga daji ya yanko tsumagun geza na jikin kibiya. Wanda nasa suka fi, ya ɗauka.

Dariya ta kusa kada ni. Badaru fa! Malamin firamare a Safana, mai goge takalmi da hankici, wanda ko fara ta faɗo masa a riga sai ya yi salati. Ni kuwa a gaban tsohon nan na tashi. Bakan nan tun tuni na zaɓa masa ƙusa a ɗakina.

Da safe na tada babur ɗina na acaɓa na ce, "Malam, hau mana. Ko sai an rubuto maka takarda daga ofis?"

"Yi gaba, Ɗanmalam. Da ƙafa zan zo."

Bayan dutse na tsaya, don yanzu ba mai hankalin da ke nutsawa dajin Ruma, inda 'yan bindiga ke yawo, saboda tsumagiya. Sai ga shi ya iso yana haki, da tef ɗin tela rataye a wuya. Wallahi tef! Ya durƙusa a bakin kurmi yana auna rassan waje, waɗanda awaki suka gwaigwaye, duk gaɓa duk ƙulli.

"Malam, kaji za ka kora da waɗannan, ko 'yan aji uku?"

Bai kula ni ba. Ni na kutsa tsakiyar geza, inda tsiro ke miƙewa sak yana neman rana. Ba a yankan na bana, ruwa ne zalla, in ya bushe ya shanye. Na bara ake nema, kaurin ƙaramin yatsa, ɓawonsa ya yi toka-toka. Na kashe ido ɗaya na leƙa kowanne daga gindi zuwa kai. Arba'in na yanko, kamar an ja su da zare. Na jera su kai da gindi, na ɗaure.

Damin ya yi tsawo a bayan babur, sai na kwantar da shi a gefe, kan salansa, na ja roba na tamke tamau. Na ɗaga wa Badaru hannu: "In ka iso gobe ka gaida mutanen gida!"

A hanya wani mahauci ya tare ni, wai sauri yake Batsari. Na ce ai ina da lokaci, kafin Malam ya gama lissafi an yi azahar. Na kai shi, na ci awara, na yi hira a tasha, na dawo a guje.

Na tarar da Kaka a zaure bisa tabarma, Badaru na gefe ƙafa duk ƙura. Na gaida tsoho, na kwance roba. Damin ya lanƙwashe daidai inda roba ta matse, gefe guda ya yi baƙi.

Kaka ya zari ɗaya ya murza a tafin hannu, ta yi ta rawa. Ya kai hanci.

"Kai, wa ya gasa mini su?"

"Tsoho, ɗan ɗumi ne kawai. A miƙar da su a garwashi."

"Ɗanyen itace ya sha wuta ya huce a karkace, ka ce a miƙar?" Ya ɗan tanƙwara ta, ta ce ƙas. Ya ɗauki wata, ƙas. "Wannan in ka harbi zomo a gabas, sai ka samu limamin yamma. Yankan ya yi, ja'iri. Wanda ya yanka ne ba shi da kai."

Ya jawo na Badaru. Yana murzawa yana wurgarwa yana tsaki. "Makamashi. Makamashi. Wannan akuya ta riga ka. Malam, da wane ido ka zaɓo?" Cikin talatin, huɗu ya ajiye gefe.

"Huɗu fa, Kaka!" na ce. "Huɗu!"

"Kai nawa?"

Na dubi ƙonannen damina.

Ya miƙa hannu bango ya sauko da bakan ya ɗora wa Badaru a cinya. Mutumin naku ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe shi tsirkiya na kallon waje, kamar zai harbi cikinsa.

"Tsoho, dubi yadda ya riƙe!"

"Na gani. Riƙo ana koya wa mutum." Ya kama yatsun Badaru yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, ko waiwayo ni bai yi ba. "Kai kuma kwashe toyayyun nan ka kai wa kakarku, tana neman na hura wuta."