Ƙarƙashin Kujera

Mijina kafinta ne, kuma da bakinsa ya kashe shagonsa. Ba zagi yake yi ba, ina ma zagin ne. Duk wanda ya zo sayen kujera sai ya kife masa ita, ya nuna masa ƙarƙashinta, inda babu mahaluƙin da ke dubawa: ga inda katako ya tsage ya liƙe, ga inda ƙusa ta karkace.

Ƙanensa, wanda muke kira Ɗan Gayu, a hannunsa ya koyi aiki, bai ma iya sosai ba. Amma akwai fara'a, akwai zaƙin baki. Ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, ya sa gilashi da fitilu.

Ranar da wata mai sabon gidan abinci za ta zo neman kujeru, na san aikin nan ne zai riƙe mana shagon, in ya kuɓuce sai rufewa. Tun da safe na roƙe shi.

"Maigida, don Allah yau ɗaya dai, ka bar kujera a kan ƙafafunta."

Ya ce to. Na bi shi shagon duk da haka. Matar ta zauna, ta jingina, ta ce ta yi mata. Sai na ga hannunsa ya nufi ƙafar kujerar.

"Hajiya, ɗan tashi ki ga wani abu. Katakon bana bai gama bushewa ba, nan gaba zai iya buɗewa a nan."

Ta yi masa godiya har da sa albarka, ta tsallaka titi. Alhali shi da ƙanensa wuri ɗaya suke sayen katako.

Yanzu mai sayar da waya ne a shagonmu. Mijina yana aiki a bayan shagon ƙanensa, shi ne ma ya ƙera kujerun matar. Jiya na kai masa abinci, Ɗan Gayu ya tare ni da dariyar nan tasa.

"Matar Yaya, ai hannun Yaya babu irinsa. Doka ɗaya na kafa masa: in mai saye ya shigo, kada ya fito."

Na wuce ciki, takaici kamar ya kashe ni. Na same shi durƙushe cikin garin katako, ya kife kujera yana goge ƙarƙashinta. Ya ɗago da murnarsa, ya ce in zo in taɓa in ji.

Na taɓa. Wallahi da santsi. Ban taɓa jin haushin abu mai kyau irin na jiya ba.