Igiyar Kumbang

"Ni na ce ki bayar? Faɗa mini, Yus, ni na ce ki bayar?"

"Ba kai ka ce ba, Uda. Likita ne ya ce."

"Likita ya ce ki ba Afrizal karena? Da safe za a sha wannan maganin ko bayan cin abinci?"

Etek Yusnidar, wato Inna Yusnidar a yarenmu, ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da kankare kwakwa kamar kwakwar ce ta yi mata laifi. Mijinta, Sutan Pamenan, wanda take kira Uda, wato yaya, yana tsaye a bakin ƙofar madafa riƙe da tsohuwar igiyar karen, igiyar da ta yi baƙi don shan gumin hannu. Ita kaɗai aka bar masa, don Afrizal da sabuwar sarƙa mai ƙyalli ya zo.

Tun farkon mako ake wannan rikici, mu maƙwabta har mun haddace shi. Likita a Payakumbuh ya saurari ƙirjin Sutan, ya ce zuciya ta gaji, a daina gudu a bayan aladen daji, a riƙa ɗan tattaki kawai. Sutan ya ce to, da ladabi. Ba su ma sauka daga motar dawowa ba ya fara tambayar direba a wane ƙauye za a yi farautar Lahadi. Nan Etek Yus ta gane muddin karen nan, Kumbang, yana ɗaure a ƙarƙashin gidanta da ke kan ginshiƙai, wata Lahadi a kan kafaɗun mutane za a dawo mata da miji. Sai ta jira ya tafi masallaci, ta aika wa ɗan ƙanwarta Afrizal ya zo ya ɗauki karen.

Shi kuwa Afrizal da ma nema yake. Takarar shugaban ƙauye ya fito, kuma duk mai neman kujera a nan dole a gan shi a filin farauta, don rabin mazan da ke da ƙuri'a suna da kare. Ya buga hotuna iri biyu. Na kusa da masallaci, da hula da carbi. Na shagon shayi kuwa, da takalmin roba har gwiwa, saura kare kawai. Kuma ba kowane kare ba, Kumbang, baƙin nan da ko a Batusangkar an san sunansa.

"Yaron nan bai san gaban kare da bayansa ba," in ji Sutan. "Tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya sayi takalmin gudu, yana zuwa da shi shan shayi da ƙwai a kan babur!"

"To ai shi ya sa. Karen zai ja shi, ya rage teɓa, ya samu ƙuri'a. Kai kuma ga keken da 'yarka ta aiko maka daga Pekanbaru, ka hau."

Su biyun suka dubi keken. Irin wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina ne. Yana nan a lungu, zannuwa uku da sallaya a rataye a kansa.

"In hau in je ina? Mutum ya yi ta gumi yana kallon bango kamar wanda aka hukunta?"

A shagon shayin Mak Itam ma an raba gari biyu a kan maganar. Wasu sun ce Etek ta yi daidai, tsoho ya zauna ya riƙe carbi. Wasu sun ce wanda ya ari kare don neman kujera, in ya hau, gonar mutane zai ara. Mak Itam da kansa ya ce shi bai taɓa ganin mafarauci mai ciwon sukari ba, aka nuna masa biyu a kan bencinsa, ya ce ai waɗannan 'yan kallo ne. Daga nan zance ya koma kan karnukan Jawa da ake kawowa a keji, ana ba su ƙwai da zuma, su ga alade su tsaya suna jiran a yanka musu.

Etek Yus duk ta ji, don ba abin da ake faɗa a shagon nan da ba ya iso mata kafin azahar. Ba ta damu ba. Abin da ya dame ta shi ne shirun safiya. Shekara da shekaru, da an sallame asuba sai ta ji ƙarar matakala, ta ji Sutan yana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ita bai yi mata ba tun suna amarci. Su bi gefen fadamar shinkafa har rafi, ya yi masa wanka, ya goge hannunsa da ƙasa ya ɗauraye, su dawo rana tana leƙowa ta bayan dutsen Sago. Tun da aka tafi da Kumbang kuwa, sai ya dawo daga masallaci ya zauna a baranda yana kallon ƙafafunsa.

Waɗannan ƙafafun ne fa suka sa ta aure shi, ko da yake ba za ta yarda a gaban mutane ba. Lokacin tana budurwa aladu suka addabi gonakin rogon ƙauyenmu, dattawa suka gayyato mafarauta daga ƙauyukan kewaye. Aka shimfiɗa tabarmi, aka miƙa ganyen taunawa, shugabannin farauta suka yi ta jawabin neman izinin shiga daji kamar masu neman aure. 'Yan mata kuma aikinsu ƙunsa shinkafa da miyar barkono a ganyen ayaba. A nan ta hango wani siririn saurayi ya naɗe wando, wata jar karya tana jan sa, ya haura tudun kirfa a guje ko numfashi bai sauya ba. Ta sa masa ƙwai biyu a ƙunshinsa. Uwarta ta gani, ta murɗe mata kunne.

Ranar da aka rako shi gidanta a matsayin ango, don a nan miji ke tarewa a gidan matarsa, kowa da abin da ya riƙo masa, shi kuwa ya zo da jar karyar. Gari ya yi ta dariya. Kakarta ta ce ko karya ko ango, ɗaya zai kwana a waje. Aka sasanta, karya ta samu ƙarƙashin gida. Kumbang jikan jikan karyar ne.

"Ƙwan kajina ya ci," in ji ta yanzu, don ta kori tunanin. "Shinkafar gonar uwata ya ci. A ƙarƙashin gidana ya girma. Ina da iko da shi."

"Gidanki ne, ban musa ba. Gona taki, kaji naki, har cokalin da nake ci da shi. Abu ɗaya na shigo da shi gidan nan, shi kika bayar." Ya juya. "Na tafi gidan ƙanwata. In kuna so na, ki turo kawunnanki su zo biko."

"Sauka lafiya, Uda. Ka gaishe ta. Ka ce mata ta rage gishiri."

Ba yau ya fara yaji ba. Ya yi lokacin da ta sayar da babur ɗinsa, ya yi lokacin da ta ce ƙaninsa ya fi shi murya a kiran sallah. Kullum kwana biyu ne, a je da ganyen taunawa da kalamai masu daɗi a dawo da shi, ya shigo yana hura hanci. Don haka ta ci gaba da kankare kwakwarta tana jiran ƙarar ƙofa.

Ƙofa ba ta yi ƙara ba.

Da shirun ya yi yawa ta leƙa ɗaki. Ya shimfiɗa zane, ya zuba riguna biyu da hularsa, amma bai ɗaure ba. Yana zaune a bakin gado, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya riƙe da igiyar, yana jan numfashi a hankali kamar mai satarsa.

"Uda?"

"Ba komai. Zauna, Yus." Ya dubi igiyar. "Ran Lahadi yaron nan zai saki Kumbang. A gaban jama'a, don a tafa masa. Da an yi kururuwa an ga alade, zai kwance sarƙar."

"To ba aikinsa ke nan ba?"

"Haƙoransa nawa suka rage? Kin taɓa buɗe bakinsa?"

Ina za ta buɗe bakin kare, ita da ko igiyarsa ba ta taɓawa?

"Mun fi damina uku ba mu hau tudu ba, ni da shi. A gindin bishiyar kirfa muke zama, mu saurari haushin matasan karnuka. Daga muryoyin nake gane inda aladen ya nufa, shi ma yana ganewa, kunnensa ne kawai ke gudu. In an kayar, an gama, sai mu taka a hankali, su Mak Itam su janye karnukansu, su bar shi ya sa baki."

"Amma kullum da jini a bakinsa kuke dawowa! Har ka tsaya a tsakar gida kana kirana in fito in gani!"

"To da me zan dawo miki?"

Etek Yus ta zauna a bakin gadon. Wato duk Lahadin da take zaune zuciyarta a hannu tana hango shi yana tsallake kwazazzabo, ashe tsofaffi biyu ne a inuwa suna cin shinkafar da ta ƙunsa. Kuma duk mazan shagon shayi sun sani, suka rufe, har da masu cewa ta yi daidai.

"Shi bai san ya tsufa ba," in ji Sutan. "In aka sake shi zai tafi. Zai riga wasu ma, don ya san hanya. Aladen zai farke shi daga nan har nan." Ya ja yatsa a kan cikinsa.

"Me ya hana ka gaya wa Afrizal?"

"In ce masa me? Gobe a ji a lasifikar kamfen?"

Ta dubi rigunan da ke kan zanen, ta dubi ƙafafun nan da suka fara kumbura don zaman kwana kaɗan. Ta figi mayafinta daga kan keken da ba ya zuwa ko'ina.

"Mayar da kayan nan inda ka ɗauko su. Ba mai yin yaji a gidan nan sai na dawo."

"Ina za ki?"

"Wajen mai girma ɗan takara. Ni na yi masa wanka yana jariri, zan ga ko zai hana ni."

"Yus, ba zai biyo ki ba. Bai san hannunki ba."

"Ya san ƙwaina." Ta ɗebi biyu a kwando ta ƙulle a gefen mayafi. Sannan ta miƙa hannu. Ya dube ta, ya dubi igiyar, ya ba ta. Ta fara kamawa da yatsu biyu tana yamutsa fuska, sai kuma ta naɗe ta a hannu sosai, yadda ta ga yana yi.

"Kuma wallahi, Uda, in na dawo sai mun yi maganar jinin nan. Shekara uku kana sa ni azumin nafila a banza!"

Ta fita, ta rufo ƙofar gidan nan da ta gada wajen uwarta da ƙarfin da ya sa kajin ƙarƙashin gida suka watse.