Gurbin da Ya Yi Saura

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, kuma zan faɗe shi yadda ya zo, ba ƙari. Ni ba mai son labarin mafarki ba ne. Yawancin masu ba da shi tuwo ne ya yi musu yawa. Amma wannan da dalilinsa.

Sunana Sallau. Gyaran rediyo na koya da kaina, da na haura arba'in da biyar kuma na koya wa kaina rubuta wa kwamfuta umarni, da tsohuwar na'ura da wani littafi marar bango. A garinmu rijiyar burtsatse ɗaya ce tsakanin Unguwar Gabas da Unguwar Yamma, shekara biyu ana fasa wa juna jarka a kanta. Da aka yi sulhu, ni aka ɗora wa buga jadawalin ɗibar ruwa, don kowa ya san ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Ni ɗan Gabas ne, matata Lantana 'yar Yamma. Yayanta, Tanko mahauci, shi ne bakin Yamma, Alhaji Mati kuma bakin Gabas. Sharaɗinsu ɗaya: sunayen Gabas a dama, na Yamma a hagu, kan takardar kuma, wato RIJIYAR SULHU, ya zauna a tsakiya cak. In ya karkata, wanda ya karkata wa shi za a ce na ba rijiyar. Da safe za a manna.

Layin takardata gurbin harafi arba'in ne. Sunan ya ci sha uku, saura ashirin da bakwai. Sha uku nan, sha uku can, gurbi ɗaya ya tsaya yana kallona. Lantana ta leƙo ta fara cewa, "Malam, ai da ka ƙara wa…" Na ce mata wannan ba dama kunu ba ne. Na kwanta da gurbin a raina.

Sai ga ni a bakin wani kogi. Ba ruwa ke gudu a ciki ba, haruffa ne, duk sun nufi gefe ɗaya, kuma abin da ka jefa ya tafi takarda ke nan, ba ya dawowa. Gurbin yana hannuna a cikin ƙwarya. Ba komai ba ne, amma da ɗumi kamar sabon ƙwai, kuma da nauyi. Ana ruwan sama daga ƙasa. Mutane sun taka lemominsu suna tafiya a kai. Na ɗaure ƙafar wandona na wuce.

Ma'aikatar Jera Rubutu tana tsallaken titi. A teburin farko wani bunsuru ne da tabarau, yana cin fayil a natse, shafi bayan shafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ne Ofishin Tsakiya?"

"Akwai Hagu, akwai Dama."

"Tsakiya na ce."

"Akwai wani a baya ana ce masa Ciki, amma na lambobi ne. Tun da aka buɗe shi mutum biyu suka shiga, su ma bayi suke nema."

"To wa ke sa abu a tsakiya a ƙasar nan?"

"Mai abin. Ka ɗebe, ka raba biyu."

"Na raba. Ɗaya ya yi saura."

Ya sauke tabarau ya dubi ƙwaryata. Ya ce, "Mu nan in ɗaya ya yi saura cinyewa muke. Ba wanda ya taɓa tambaya."

Na rufe ƙwaryar da hulata. Na gaya masa wannan cin amana ne, kuma da irin ƙananan cinye-cinyen nan ƙasa take lalacewa. Ya saurare ni sosai, ya rubuta abin da na ce, ya buga hatimi, ya cinye.

Sai ga ni a Sashen Awo. Wata akuya ce da tef a wuya kamar tela.

"Faɗi nawa, Malam?"

"Arba'in."

Ta auna, ta ɗauki kalma ɗaya ta jefa kogi, ta juyo.

"Faɗi nawa, Malam?"

"Yanzu na faɗa miki."

"Na kalma ɗaya ka faɗa. Ni ba na riƙe magana ta kwana."

Abokin aikinta kuwa akasinta ne. Wani ya taɓa ce masa ya cike guraben banza da tauraro, tun zamanin kakansa, kuma har yau ba a ce ya bari ba. Ya cike tagogi, ya cike ramukan titi. Masinjan ofis ya yi mini murmushi, na ga tauraro a wushiryarsa. Mai cikewar yana hango ƙwaryata ya taso da tauraro a baki. Na ce masa ko ya matsa ko in manta shi ma'aikaci ne. Ɗaya ba ta riƙe komai, ɗaya ba ya sakin komai, kuma albashinsu ɗaya. Na sha ganin irinsu a cikin mutane.

Sai ga ni a kotu, a filin rijiyarmu. Alƙali tsohon bunsuru ne, gemunsa ya kai ƙasa, ya nannaɗe sauran a kan kujera yana zaune a kai. An ɗora wani dogon benci a kan turmi kamar ma'auni, sunan rijiyar yana kwance a kai yana numfashi. Alhaji Mati na zaune a ƙarshen dama, Tanko a ƙarshen hagu yana wasa wuƙa. Matan unguwa biyun sun yi layi da jarkoki. Ruwan rijiyar kuwa shi ma ya fara bin ruwan sama, yana fita ta bakin famfo yana hawa kamar zare.

Alƙali ya ce, "Sallau, ka ajiye gurbin nan kafin ruwan ya gama tafiya. In ya tafi, kai za a riƙa bugawa maimakon famfo."

Alhaji Mati ya ce, "Miƙo shi nan, ɗan unguwa. Mu muka ba da fili."

Na ajiye masa. Gurbin ya ture sunan, sunan ya zame sululu sai gefen Tanko.

Alhaji Mati ya miƙe. "Jama'a ku shaida! Ya ba ni iska, ya ba surukinsa rijiya! Dama an ce tun da ya yi aure a Yamma ko tuwon Gabas ba ya yi masa gishiri."

Na ɗauke, na ajiye gefen Tanko. Sunan ya zame sai Gabas.

Tanko bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba komai, Malam. Ka ce wa Lantana ta haɗa kayanta, da turmin da muka kai ta da shi."

Na ce, "Turmin nan ne a ƙarƙashinku."

"To da mu za ta tafi."

Yanzu kuma ba mai son gurbin. Na kai dama, Alhaji ya kare da sanda. Na kai hagu, Tanko ya ce alwala gare shi. Na ce a raba shi biyu. Tanko ya kwantar da shi, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Wuƙar ta wuce ta yanki iska. Ya sake. Ya share gumi ya ce, "Shekara talatin ina fawa, ban taɓa ganin abin da ba shi da gaɓa ba."

Zaren ruwan ya sirance. Mata suka fara buga jarkoki da tafin hannu, a hankali, dum, dum. Na tsaya da ƙwarya a tsakiyar fili, ni da na yi wa unguwa biyu faɗa a kan son kai, ga shi abin da ba komai ba ya gagare ni rabawa.

Sai wata tsohuwar akuya mai shara ta zo tana share ruwan sama tana mayar da shi ƙasa. Ɗankwalin Lantana ne a kanta, shuɗin nan mai zanen kifi.

Ta ce, "Malam, bencin nan wa ya yanka shi?"

"Ni."

"Wa ya ce sai arba'in?"

"A littafi na gani."

"Mai littafin a rijiyarku yake sha?"

Na ce mata wannan ba dama kunu ba ne. Ta jingine tsintsiya, ta kama ƙarshen bencin da haƙora ta ja, ya miƙe kamar ƙullin alkaki, taku ɗaya tak. Sai ga wani gurbin ya faɗo, irin nawa sak. Ta ba Alhaji ɗaya, ta karɓi nawa ta ba Tanko. Sha huɗu nan, sha huɗu can. Bencin ya tsaya cak, sunan ya yi hamma ya gyara kwanciya. Ruwan da ya hau ya yi ɗan jim a sama kamar mai tunani, sannan ya juyo. Alƙali ya nemi takardar hukunci don ya ci, aka ce ba a rubuta ba, ya ci gemunsa. Jarkoki suka ɗau kiɗa, dum, dum, dum.

Na farka. Jarkoki ne da gaske, matan layinmu ke wucewa da su ta bayan tagata, suna karo da juna.

Ko fuska ban wanke ba na buɗe na'ura, na goge arba'in na sa arba'in da ɗaya, na buga. Na ƙirga da tsinken ashana, sha huɗu nan, sha huɗu can.

Lantana ta shigo da kunu, shuɗin ɗankwalin a kanta. Ta dubi takardar.

"Ka ƙara mata faɗi ke nan."

"A mafarki aka nuna mini."

"Wa ya nuna maka?"

Ni dai ba na ƙarya, ko da safe.

Na ce, "Wata akuya ce. Da ɗankwalinki."

Ta ajiye kofin a gabana. Ta ce, "To alhamdu lillahi da ka samu wadda kake jin maganarta. Sha kununka, Yaya Tanko yana zaure tun ɗazu."