Sitiroberi Biyar a Rana

Shekara tara ina ɗanɗana sitiroberi a shagon da muke zuba shi a kwali. Kowane akwati ya sauko daga mota, sai na ci ɗaya kafin a ce ya wuce. Aikina ke nan, kuma ina son sa.

Sai hanjina ya tayar min da bori. Kumburi, murɗa, gudu zuwa banɗaki sau shida kafin azahar. Likitar abinci ta ɗora ni kan wani tsari da suke kira FODMAP, wato a rage duk abin da ke tsami a hanji yana tara iska. Ta ce sitiroberi ba laifi, amma kada ya wuce biyar matsakaita a rana, tunda cikina ba ya son wargi.

"Likita, arba'in nake ci a rana."

"To, ga ciwonki nan," in ji ta.

Labari ya kai kunnen Manaja, wani ɗan gaye da ko bambancin nunanne da ruɓaɓɓe bai sani ba. Ya kira ni ofis, yana wani tausasa murya.

"Anti, don lafiyarki ne. Ki koma wajen naɗe kwali, a nemo wani."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Ranka ya daɗe, hanjina ne ba lafiya. Harshena ƙalau yake. Ka ba ni gobe kawai."

Washegari na zo da ƙaramar wuƙa da sikelin kicin. Na auna biyar, na rubuta nauyin a bayan hannuna. Kowane akwati sai in yanki ɗan siririn yanka, in ɗora a sikeli, in sa a baki. Matan da muke aiki tare suna ta tsokanata wai na zama mai sayar da zinare. Manaja yana tsaye a kaina da hannu a aljihu.

A akwati na talatin da bakwai nauyin ya cika. Saura uku. Na san yanka ukun nan ba za su kashe ni ba, amma na san idan na ƙara yau, gobe ma za a ce in ƙara. Na ajiye wuƙar.

"Kin gani ko?" in ji Manaja. "Ba za ki iya ba."

Na ɗauki akwatunan ɗaya bayan ɗaya na shinshina. Na tura biyu gaba, na ja na ukun gefe.

"Wannan ya kwana a rana, ya fara tsami daga ciki."

"Ga shi ja wur, Anti."

Na miƙa masa wuƙar. "Kai da cikinka lafiya lau, bismillah."

Ya yanki ɗaya daga akwatin ya gatsa. Ya tsaya cak, yana waige-waigen inda zai tofar. Da ƙyar ya haɗiye.

"Gobe ƙarfe bakwai," ya ce, bai dube ni ba.

"Na sani. Ni nake buɗe ƙofar."